Hannun Mai Ƙwai

Ranar Asabar ce, cikin watan Agusta. Tun asuba ake ruwa, mayo, wato kogin garinmu, ya cika har ya shiga gonakin bakin gada, sai wajen ƙarfe biyu aka ɗauke. Na ajiye keke napep a ƙofar coci, na shiga da jitar bes rataye a baya da ɗan akwatin ƙarfe shuɗi a aljihu. Na zo ne in tayar da tsoho daga kujerarsa.

Tsohon shi ne Baba Zacharia. Ƙwai yake sayarwa a kasuwa, kuma shekara ashirin da wani abu shi ke kaɗa wa ƙungiyar mawaƙanmu bes, in dai abin da yake yi kiɗa ne. Yana taɓa tsirkiya kamar yana tsoron ta fashe masa a hannu. A zaune yake kiɗa, ido a lumshe, wani lokaci sai ka duba ko numfashi yake yi.

Sati mai zuwa akwai taron mawaƙa na kwana uku a garin Uba, kuma kujera ɗaya ce a mota ta mai bes. Anti Margret, shugabar ƙungiya, ta ce za ta saurare mu ranar Asabar, wanda ya je Uba shi ne mai bes ɗinmu daga nan gaba.

Ni ban ga abin saurare ba. Tun da na bar makaranta a aji biyu na sakandare na taɓa kanikanci, na taɓa wankin mota, na sayar da fetur a kwalba, babu wanda na yi wata shida a kai. Bes kaɗai ce ta zauna da ni. A tasha na koya, a kujerar bayan keke, ina jiran fasinja. Ba sifika, ba wuta. In kana so ka ji kanka a cikin hon ɗin motoci da ihun 'yan kamasho, dole ka finciki tsirkiya kamar za ka raba ta da itacen. Shekara uku ina haka. Yatsuna biyu sun yi kanta, har allura ba ta shiga.

Akwatin shuɗin kuwa feda ce, irin wadda ake takawa da ƙafa. Wani makaɗi da ya tsallako daga Kamaru ne ya ba ni, na ba shi wayata. A bidiyo na ga yadda take sa bes ta yi magana kamar mai baki, tana buɗewa tana rufewa. Na kai wa Mansir mai gyaran rediyo ya sa mata batir.

"Wannan ba irin fedar da ka sani ba ce," in ji Mansir. "Hannunka take saurare. Ka taɓa a hankali, ta rufe baki. Ka ja da ƙarfi, ta buɗe. Maɓallin farko shi ne kunnenta, na biyu kaifin muryarta. Zauna mu jona a sifika ka gwada."

"Kai da ba ka taɓa riƙe jita ba."

"Ban taɓa riƙe jirgin sama ba ma, amma na san ba a hawa ba gwaji."

Na ce masa fasinja na jira na. Ba wanda ke jira na.

A coci kowa ya hallara. Baba Zacharia na zaune a gefe yana shafa gwiwa. Anti Margret ta ce in fara. Na jawo waya daga bes na sa a ramin shiga na feda, na ɗauki wata daga ramin fita zuwa amfilifaya. Na murza maɓallan biyu zuwa tsakiya, na taka, 'yar jar fitila ta kama. Divine mai ganga ya ƙirga huɗu, muka shiga waƙar godiya.

Kwak. Kwak. Kwak kwak.

Kowace tsirkiya na ja, kukan ɗaya ne, na agwagwar da aka taka wa ƙafa. 'Yan matan layin gaba suka fara haɗiye dariya, waƙar na fita ta hanci.

"Seth," in ji Divine, bai ma daina kiɗa ba, "agwagwar nan ta gidanku ce ko ta maƙwabta? A kai ta mayo ta yi wanka."

Na durƙusa na rage kunnen fedar. Agwagwar ta koma kwaɗo a cikin tulu. Na ƙara kaifin murya, sifika ta yi ƙara har wata ta toshe kunne. Duk inda na murza, kuka ɗaya take maimaitawa daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Na ce wayar coci ce ta lalace. Aka canza. Na ce janareta ne ba ya ba da wuta daidai.

"Batir ne a cikinta," in ji Anti Margret. Malamar firamare ce, ba abin da ke wuce ta.

Haushi ya sa na ƙara ƙarfi. A baiti na biyu ƙaramar tsirkiya ta tsinke ta tsaga mini farce.

Sai ga Baba Zacharia ya taso, yana jan ƙafa.

"Ɗana, ara mini abin nan in ji."

"Baba, ku bar shi. Ba na zamaninku ba ne."

"To. In ji dai."

Na ba shi don a raba dariyar biyu. Ya jona tsohuwar bes ɗinsa wadda fenti ya gama barinta. Bai tambayi aikin maɓalli ko ɗaya ba. Ya taɓa tsirkiya sau ɗaya, a hankali, ya karkata kai. Ya sake taɓawa da ɗan nauyi. Ya sa yatsa ya matsa kunnen fedar kaɗan, kamar yadda yake juya ƙwai a faranti yana neman tsaga. Sannan ya ɗaga wa Divine gira.

Ba na son faɗin abin da ya biyo baya, amma haka aka yi. Inda mata ke rera baiti, bes ɗin tana ƙasa, baki a rufe, tana gunaguni. Da aka zo amshi sai ya ɗan danna, ta buɗe baki ta amsa musu kamar mutum. Layi ɗaya, murya uku ko huɗu. 'Yan matan da suka yi mini dariya suka fara rausaya. Mai ƙwai ya buɗe idonsa duka biyu, abin da ban taɓa gani ba, yana murmushi da haƙoransa shida.

Aka maimaita waƙar sau uku. Ba wanda ya ce in karɓa.

Da aka tashi Anti Margret ta kira ni bakin ƙofa, inda ruwan indararo ke ɗiga.

"Ka san Baba ya zo gidana yau da safe, cikin ruwan nan?"

"Ya kawo ƙwai?"

"Ya zo ya ce ya gaji. Gwiwa ta hana shi, kiɗan ma ya daina yi masa daɗi. Ya ce in ba ka kujerar Uba, ba sai an gwada kowa ba. Na bari sai an tashi in sanar."

"To ki sanar mana, Anti."

"Yanzu ya ce mini ya fasa. Wai shekara goma rabon da ya ji yana son gari ya waye ya kaɗa." Ta dubi yatsana mai jini. "Da a ce ba ka zo da akwatin nan ba, da kai ne za ka je."

Na koma ciki in ɗauki kayana. Baba Zacharia ya naɗe wayoyi, ya goge fedar da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Abu mai kyau ka samo, ɗana. Hannunka ne ya saba da tasha. Ka riƙa zuwa rumfa da rana, kwana kaɗan za ka sassauta shi."

Wato in zauna cikin kwandunan ƙwai ana koya mini taɓa abu a hankali, duk kasuwa na kallo. Divine na tsaye yana jiran amsata, bakinsa a shirye.

"Ku riƙe, Baba," na ce. "Tarkace ce. Dama yarwa zan yi."

Na zaci zai ƙi. Ya ce Allah ya yi albarka, ya sa a aljihu.

Ranar Alhamis ina tasha motarsu ta wuce ta hanyar Uba, yana gidan gaba kusa da direba, ya ɗago mini hannu.

Abin da na rasa: wayar hannu ɗaya, feda ɗaya da sabon batir a cikinta, tsirkiya ɗaya, rabin farce, da kujerar da tun safiyar Asabar tawa ce.