Allurar Ƙarshe ta Likita Esenkul

"Riƙe mata ragama da kyau, Jumagul! Goɗiya ce, ba kazar gidanki ba."

Jumagul ta ƙara damƙe ragamar tana harararsa. Mutumin da asibiti ta sallamo ya jira kwanansa a gida, ga shi an fito da shi ƙofar gida a kujera, lulluɓe da bargo biyu, amma bakin nan bai mutu ba. Shekara talatin katanga ɗaya ta raba ta da Esenkul, ta san halin kayanta.

Shekara arba'in yana likitan dabbobi, sau biyu yana magajin gari, kuma ko a ofis jakar allurarsa na ƙarƙashin tebur. An taɓa watse taron majalisa saboda wata saniya na naƙuda. Dokarsa ɗaya ce: dabbar da ta sha allura ba a cin namanta sai kwanakinta sun cika. Ya taɓa sa an binne sa guda ranar biki, uwar amarya tana tsine masa.

Yanzu damuwarsa Toru ce, goɗiyar da ta yi shekara goma sha biyar tana hawa duwatsu da shi zuwa wurin makiyaya. A al'adar garin, babban mutum in ya rasu doki ake yanka wa masu ta'aziyya, ita kaɗai ce kuwa a gidan. Shi ya sa ya jira sai da mutane suka taso daga masallacin Juma'a, don a yi a gaban shaidu.

Ɗansa Talant ya tallafe shi ya miƙe. Tsohon ya dafa wuyan goɗiyar. Ya soka allurar, kowa na kallo.

"Kwana nawa, Likita?" in ji Bolot mahauci, murya a sanyaye.

"Sittin."

"Sittin! Da ai ashirin kake cewa."

"Sabon magani ne. Wanda ya ci gashin bakinsa ya zube, kada ya kawo mini ƙara kabari."

Aka kwashe da dariya, ban da Jumagul. Ita ta ɗura sirinjin da safe a kicin ɗinta: ruwan butar shayi da ɗan gishiri. Tsohon ya ce ba zai ɗirka wa lafiyayyar dabba magani a banza ba. Sittin ɗin ma lissafi ne, don a tsallake har sadakar arba'in.

Ranar Talata da hantsi ya cika, bayan ya yi mitar shayin ba zafi. Jumagul ta yi kuka sosai, fiye da yadda ta zata.

Ba a gama kafa tantin makoki ba baffannin Talant suka taso shi gaba. Magajin gari guda, a sallami baƙi ba naman doki? Abin kunya! Wani ma ya ce bai taɓa jin magani mai kwana sittin ba.

Talant ya same ta a bayan gida tana murza ƙullun burodi.

"Inna, ke kika ɗura sirinjin nan. Don Allah me ke ciki?"

Ƙarya a gidan mutuwa ba ta iyawa.

"Abin da ubanka ya ce in zuba."

Ya dube ta, ya dubi Toru da ke cin ciyawa a gindin katanga. Can sai ya yi dariya, hawaye na zuba.

"To, likita ya ce sittin. Wa ya isa?"

Bijimi biyu aka yanka. Baffanni suka ci suna gunaguni, har da neman ƙari.

Washegarin jana'iza da safe Toru ta zo bakin ƙofa ta tsaya, daidai lokacin da suka saba fita zagaye da Likita. Jumagul ta fito da sauran gishirin a tafin hannunta. Goɗiyar ta lashe shi tas, ta ci gaba da kallon ƙofar.