Taku Takwas na Motar Ruwa

Tun shekarar da wuta ta cinye rumbuna bakwai a Unguwar Ɗinya mutanen wurin suka shiga taitayinsu. 'Yan kwana-kwana suka zo daga gari, suka zaunar da su a ƙofar mai unguwa, suka raba musu aiki. Uwaisu mai cajin waya shi ke riƙe da lambar ofishinsu, shi zai kira. Ladan ya sanar a lasifikar masallaci, mata su ja layin bokiti daga rijiya, samari su janye kara da dabbobi. Malam Hashimu kuwa aka ba shi hanya: daga titi zuwa cikin gidaje, faɗin taku takwas, kada kowa ya taɓa, don motar ruwa ta samu wucewa. Shi ya auna da igiya, shi ya kafa turaku. Wanda duk ya jibge taki a wurin sai ya gwammace bai fito ba ranar. Har Sarkin Hanya ake ce masa, yana kuwa amsawa da ƙarfinsa.

To, gonarsa ce a bakin hanyar. A ƙasar da ko gindin kuka sai an soka masa wake, ganin fili kwance ba ya haifar komai yana ci wa Hashimu rai. Damina ta farko ya matsar da turke taku ɗaya, ya ce ai mota ba giwa ba ce. Ta biyu ya ƙara. A ta uku ya dasa rogo, ya kewaye shi da tudun ƙasa da ƙaya saboda awaki. Wa zai kai ƙarar Sarkin Hanya, kuma wurin wa?

Ranar da abin ya zo, da kaka ne, ana idar da azahar. Tartsatsi ya kama dangar Inna Hure, tsohuwar da ke riƙon jikoki huɗu, iska ta kora wutar wajen rumbunta. Kowa ya yi nasa. Uwaisu ya kira, ladan ya sanar, bokitai suka fara tafiya hannu da hannu. Ba a jima ba aka ji jiniya, jama'a suka ɗauki kabbara.

Motar ta sauko daga titi, ta zo daidai rogon Hashimu, ta tsaya cak. Hagu katangar gida, dama tudun ƙaya. Ma'aikata suka dira suka warware tiyo a guje, ya ƙare saura tafiya mai yawa. Ruwan da suka feso a kan wata tsamiya ya riƙa sauka.

Shugabansu ya juyo, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hular kwano. "Ina wanda muka ba hanya?"

"Ga ni," in ji Hashimu.

"Malam, wannan shingen na waye? Me ya sa ba ka sa an rushe ba?"

Idanu suka juyo kan Hashimu, har na yaran da ya sha kora daga wurin. Hashimu ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Ya fizgi garma a hannun wani ya hau saran tudun kamar mahaukaci, ƙaya na yagar ƙafafunsa, mutane suka kama masa. Motar ta bi ta kan rogon ta shiga. An ceci ɗakuna, amma rumbun ya riga ya zube, geron shekara guda yana hayaƙi.

Kwana biyu Hashimu bai je jam'i ba. A na uku ya ɗora damin gero shida a amalanke ya kai ƙofar Inna Hure, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Tana zaune tana tsintar abin da ya yi saura a cikin toka, tana zubawa a ƙwarya.

"Sannu da ɗawainiya, Hashimu," ta ce. "An ce har rogonka ka bari aka taka saboda mu."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Inna, ba gonata aka taka ba. Hanya ce na ci."

Ta hure toka daga tafin hannunta, ba ta ko ɗago ba.

"Na sani, ɗan nan. Shekara uku ke nan hanyar na matsewa, har ƙayar tana kama mini zane in zan je rijiya. Na ce kai aka ba amana, ka fi ni sanin awo."