Ladan Awara

Tsohuwa Kuo ta datse haƙoranta, cokalin ya tsaya a kan leɓenta, romon awara da kabeji yana ɗiga a kan tsumman da aka ɗaura mata a wuya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye tun bara, amma idonta na hagu yana nan da ransa, da shi kuma take zagin matar ɗanta.

"Buɗe baki, Mama," in ji Mei-chu cikin tattausar murya, domin wasu mata biyu daga haikalin unguwa sun zo dubiya, suna zaune a gefen gado. "Awara ce, da ɗuminta."

"Na… ma," tsohuwar ta ce. Kalmar ta fito a karkace, haɗe da yawu.

"Me take cewa?" ɗaya daga cikin baƙin ta tambaya.

"Godiya take yi muku."

Matar ta haɗa tafukan hannunta a ƙirji. "Ke dai kin haifu, Mei-chu. A zamanin nan da ake jibge tsofaffi a gidan reno, ke kina jinyar uwar miji, har kin raba ta da alhakin cin naman dabbobi. Kowace loma lada ce gare ku, ku biyun."

Mei-chu ta sunkuyar da kai irin na mai kunya. Ta danna cokalin a hankali har haƙoran suka saki.

* * *

Kowa a garin Chiayi ya san haƙƙin mai jego: wata guda a kwance, ba ta taɓa ruwan sanyi, ana ɗura mata farfesun kaza da man riɗi da citta har jininta ya dawo. Mei-chu ma ta sa rai da nata. Sai ta haifi mace, a watan da facalarta, matar ƙanen mijinta, ta haifi namiji.

Tsohuwar ta leƙa zanen jaririyar sau ɗaya, ta taɓe baki ta ce, "Kayan gidan wasu." Cibiya ba ta faɗi ba ta tsaya a kan Mei-chu. "Ai ba wani abin kirki kika sauke ba. Tashi ki fige kajin can, uwar jikana na jin yunwa."

Haka ta yi jegonta a tsugune a bakin famfo, tana figar kajin da wata za ta ci, jini yana bin ƙafarta. Rabonta kunun shinkafa da gishiri. Nono ya ƙafe, zazzaɓi ya biyo baya, a asibiti aka cire mata mahaifa. Mijinta Kun-shan ya zauna a bakin gadon yana murza hularsa, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ki yi haƙuri, haka Mama take."

Ta yi haƙurin, shekara ashirin da ɗoriya. Yanzu facalar da ɗan gwal ɗinta suna ƙasar waje, gaisuwa suke aikowa ta waya. Wanka da kashi da fitsarin tsohuwa kuwa suka faɗo a hannun wadda ba ta sauke abin kirki ba.

Ba rana ɗaya Mei-chu ta raba gidan da nama ba, ta fi ƙarfin wannan wautar. Ta fara da ɗaya ga wata da sha biyar ga wata, ranakun da ko maƙwabta suke haƙura da shi. Daga nan karin kumallo ya koma ganye zalla. Naman alade ya ɓace, wai saboda hawan jinin tsohuwa. Kaza ta bi shi. Kifi ya ɗan daɗe, shi ma ya tafi. Ranar da ƙwai ya ɗauke ƙafa, Kun-shan ya ajiye tsinken cin abincinsa ya leƙa kwano.

"Wai ni kam awaki kike kiwo a gidan nan? Jiya ganyen dankali, yau ganyen dankali. Saura kaɗan in fara tuƙa."

"Alwashi na ɗauka a haikali don Mama ta samu sauƙi," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "In kana so a karya, je ka faɗa musu da bakinka cewa tsokar nama ta fi maka uwarka."

"Ni na ce haka?"

"To ci abincinka."

Ya ci. Da yamma ya hau babur wai zai sha iska, ya dawo leɓensa yana ƙyalli da maiƙon talotalon da ake sayarwa a kan shinkafa kusa da tasha. Mei-chu ta gani, ta kau da kai. Duk mai ƙafa a gidan yana iya fita ya ci abin da ransa yake so. Mutum ɗaya ce ba ta da ƙafa.

Daga ƙarshe ta cire albasa da tafarnuwa, kamar yadda masu tsananin ibada suke yi. Abincin ya zama lami. Ita ma shi take ci, kuma bai taɓa yi mata daɗi ba, sai dai a lokacin da take kallon idon nan na hagu yana bin cokali.

* * *

'Yarta Hui-ju, wadda take aiki a birnin Taichung, ta zo hutun ƙarshen mako. Ta ɗaga hannun kakarta, ta ga fata tana reto a kan ƙashi, ta bi uwarta kicin.

"Mama, likita ya ce a ba ta ƙwai da kifi. A gabana ya faɗa."

"Mutum nawa ne a garin nan suke rayuwa a kan ganye, lafiyarsu ƙalau?"

"Su suna so, kuma suna ci su ƙoshi. Ita tofarwa take yi, ke kuma ki ɗauke kwano."

Mei-chu ta ci gaba da yanka kabewa. "Kin san abin da ta kira ki ranar da aka haife ki?"

"Na sani, kin sha faɗa mini. Ni dai na yafe."

"Da yake ke aka yi wa." Wuƙar ta tsaya. "Ke jaririya ce, ba ki san komai ba. Ni na tsuguna a bakin famfo."

Hui-ju ta fita, ta dawo da miyar kifi a roba. Ta zauna ta ba kakarta. Tsohuwar tana zuƙa tana hawaye, har tana neman haɗiye cokalin. Mei-chu tana tsaye a bakin ƙofa.

"Tunda tausayi ya kama ki, ɗauke ta ku tafi Taichung. Ki yanka mata sa guda. Ki kuma riƙa tashi kina sauya mata ƙunzugu."

Hui-ju ta dubi ubanta. Ya mai da idonsa kan talabijin. Ta dubi ƙasa. Ran Litinin da safe ta bi jirgin ƙasa, sauran miyar kuma ya bi lambatu.

A ranar, da Mei-chu ta sunkuya tana goge mata jiki, tsohuwar ta cafke wuyan hannunta da hannun nan mai rai. Bakinta ya yi ta motsi. Gaban Mei-chu ya faɗi, domin ta daɗe tana tsoron ranar da matar nan za ta nemi gafara, ta bar ta ba abin riƙewa.

"Mu… gu… wa."

Mei-chu ta sauke ajiyar zuciya. Ta zare hannunta, ta gyara mata matashin kai.

"Anjima akwai awara, Mama."

* * *

Tsohuwa Kuo ta rasu kafin damina ta wuce. Masu ɗaukar gawa suka ce kamar ba kowa a cikin akwatin. Matan haikali suka cika gidan da addu'a, suna nuna wa 'ya'yansu Mei-chu, suna cewa su yi koyi. Facala ta aiko da furanni.

Aka kafa hoton marigayiya a falo, inda za a riƙa ajiye mata abinci safe da yamma har kwanakin makoki su cika. Kun-shan ya tarar da matarsa tana zuba kwanon farko.

"Ki sa mata ɗan nama mana," ya ce. "Yanzu kam ai ba abin da zai yi mata."

"Yanzu ne ta fi buƙatar lada."

Ya ɗauki makullin babur ya fita.

Mei-chu ta ajiye kwanon awara a gaban hoton, ta kunna turare, ta jawo kujera ta zauna. Tururi ya tashi ya rufe gilashin, fuskar ta dushe, sannan ta dawo a hankali, idanu biyu lafiyayyu suna kallon bango. Ta tura kwanon gaba kaɗan. Ta zauna tana jira, har abincin ya huce.