Kiran da Ban Amsa Ba

Shekara goma sha ɗaya ina wankin zannuwan gado a asibitin nan, amma ba na jin akwai mutum uku da suka san ainihin sunana. Mai wanki ake ce mini, kuma ban damu ba. Tun da Inna ta rasu sunan ya bi ta, don ko mijina "ke" yake ce mini.

Ranar Talata da hantsi, injinan wanki biyu suna ta ruri, ina ware zannuwa masu jini gefe, sai na ji an kira ni. Ainihin sunan, a hankali, kamar mai kiran yana bayan kafaɗata. Na waiga, ba kowa sai kwanduna da tururi. Har bakina ya buɗe, na cije leɓe. Inna ta sha ja mini kunne cewa in na ji kira ban ga mai kira ba, kada in kuskura in ce na'am.

Abin da ya biyo baya ya fi tayar mini da hankali. Gado na ƙarshe a ɗakin maza, kusa da taga, ya tsaya mini a ido. Na san gadon. Wani tsoho ne a kai, duk ya rame, kuma mako biyu ban ga kowa a kujerar gefensa ba. Zuciyata ta ce in je wurinsa. Na ce in je in yi me? Ni ba likita ba, ni ba fasto ba.

Laraba aka sake kira, wannan karon a bakin titi ina jiran mota. Na fasa tafiya gida, na wuce coci, na sami Fasto yana jera kujeru. Na gaya masa komai, ina fata ya ce gajiya ce.

"Baba Fasto, in Ubangiji ne, ai ya yi ɓatan kai. Ni da ke zama a bencin ƙarshe? Aya ɗaya sai na yi tuntuɓe sau biyar kafin in kai ƙarshenta. Ga baki, jiya ma sai da na wanke mai gadi tas."

Ya yi dariya. "Sana'arki ce ai, wanki." Sai ya zauna. "'Yata, duba Littafi Mai Tsarki. Wani ya ce bakinsa da nauyi, wani ya ce shi yaro ne, wani ma jirgin ruwa ya shiga ya gudu. Kusan duk wanda aka kira sai da ya kawo uzuri. Ba gwani ake nema ba, wanda zai amsa ake nema."

"To ku je mana, ku da kuka iya addu'a."

"Zan je ran Asabar in Allah ya kai mu. Amma ba sunana aka kira ba."

Haushi ya kama ni, don na san gaskiya ya faɗa.

Alhamis, da aka kira na uku, na ɗauki zannuwa gogaggu na hau bene. Na isa har ƙofar ɗakin. Tsohon yana kwance, fuskarsa wajen ƙofa, leɓunansa suna motsi. Na shiga haɗa addu'a a raina, ta ƙi haɗuwa. Na dubi hannuwana da sabulu ya cinye, na dubi rigar aikina a jiƙe, na tuna nas-nas za su ga mai wanki ta zama mai wa'azi. Tsoro da kunya suka taru suka danne ni. Na ajiye zannuwan a kan tebur na sauko, ina cewa gobe ma rana ce.

Juma'a na zo da wata aya da Fasto ya ba ni, na kwana biyu ina haddace ta. Na kunna injina, na kasa kunne. Hantsi ya yi, ya wuce. Ba kira. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Na bar wankin na hau da gudu.

An kwashe zanen gadon, katifar tana sheƙin maganin goge-goge. Babbar nas tana rubutu a tebur.

"Sista, ina tsohon nan na wajen taga?"

"Ya cika ɗazu da safe," ta ce, ba ta ɗago ba. Can ta ajiye biro. "Ya ba ni tausayi, Mai wanki. Idonsa ya daina gani, kwana uku yana kiran 'yarsa. Mun nemi lambarta, babu. In na amsa sai ya ce ba muryarta ba ce, wai tata tana da kaushi. Ba abin da yake so sai ta ce na'am."

"Wane suna yake kira?"

Ta faɗa. Sunana ne, ashe 'yarsa takwarata ce. Ta koma rubutunta, don ba ta sani ba.

Ɗakin wanki yana can bayan gini, ga rurin injina, ba muryar majinyacin da za ta kai wurin, balle bakin titi. Na sha juya wannan lissafin, bai taɓa ba ni mafita ba. Ni ina ta neman addu'a mai tsawo, ashe kalma ɗaya aka aike ni da ita, wadda na iya tun ban fara tafiya ba.

Na koma na sami zanensa a saman kwando. Na wanke shi da hannu, shi kaɗai. Da na gama na kashe injinan, na tsaya a tsakiyar ɗakin, na ce, "Na'am. Ga ni."

Famfo ne kawai yake ɗiga.

Yanzu ni da kaina nake kai zannuwa sama kowace safiya, ina tafiya a hankali tsakanin gadaje. Duk sunan da na ji majinyaci ya kira, ko ba nawa ba ne, ina amsawa.