Baitin Saratu

Ni Gaji ce, ta Kaoje. Ban san baƙi ba, Asama'u ungozoma ke rubuta mini wannan, kuma duk layin da ta rubuta sai ta karanta mini shi na ji, don an taɓa cuta ta da alƙalami.

Shekara biyu kafin mulkin kai jirgi ya kife a kogin Kwara da masu dawowa daga kasuwar Bagudo. Mutum goma sha ɗaya sunka tafi, har da ɗiyata Saratu, wadda ke aure a hayin iyaka, ƙasar Dahome. Ba a ga gawarta ba, ba ta da kabari. Sai na yi musu waƙa, kowa da baitinsa, da sunansa da na garinsu. Mata sunka ɗauka suna yi wurin sussukar shinkafa.

Malam Bunyaminu na makarantar boko ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, bari in rubuta kada ta ɓace." Na ba shi. Wani kamfani ya buga ta cikin littafin 'yan makaranta. Da anka karanta mini ina ƙirgawa da yatsu, baiti bakwai na samu. Huɗu na mutanen Dahome babu. Saratu babu.

Na tare Bunyaminu a bakin masallaci. Ya rantse ya aika da sha ɗaya cif, kamfani ne ya yanke. Ya ce akwai ƙungiyar marubuta a Birnin Kebbi, ita ke sasanta irin wannan. Munka hau motar buhuna, kwana biyu a hanya.

A ofishin ƙungiyar, maza shida a kan kujeru, ni a tabarma. Wakilin kamfani, wani Ɗanmaliki mai gilashi, ya ce littafi na yaran Nijeriya ne, an yi tuta sabuwa, ba a son sunayen garuruwan wata ƙasa su ruɗa su.

Na ce, "Kai yaro, ruwa ya tambaye su takardar iyaka kafin ya ci su?"

Shugaban ƙungiyar ya ce, "Inna, a yi haƙuri. Ke 'yar ƙungiya ce?"

"Mi ake yi a zama?"

"Sai wanda sunansa ke kan littafi."

"To ai suna ɗin ma na zo nema."

Wani ya yi dariya ya ce, "Iya da zafi kamar barkonon garin Sharabi." Na ce, "Uwarka ta ba ka labarin barkono, ni ɗiyata nake nema."

Sunka ce doka ta san marubuci da mabugi, ni ko shaida ce kurum. Sunka sa ni fita, na zauna gindin darbejiya har la'asar. Ina jin su suna gardama a kan ko sunan Bunyaminu ya yi ƙanƙanta a bango. Da sunka fito, Bunyaminu da Ɗanmaliki na riƙe da hannun juna. Shugaba ya ce an daidaita, alhamdu lillahi. A bugu na biyu za a ƙara girman sunan malam, kuma saboda ni za a sa layi ɗaya a ƙarshen waƙa.

Na ce, "Karanta mini layin."

Ya karanta: "Da sauransu."

Na ce, "Wata tara na ɗauke ta, ban raɗa mata da sauransu ba." Bunyaminu ya sunkuyar da kai yana gyaran hula. A mota bai iya duba na ba.

Na koma sau biyu. Na farko an ce shugaba ya tafi Kaduna. Na biyu an ce magana an rufe ta, an sa hannu.

Bana wurin sussuka a Bahindi na ji mata sun ɗauko waƙar. Da sunka kai na bakwai sunka tsaya, ni na ci gaba da baitin Saratu. Wata amarya da ta yi aji huɗu ta taɓa ni, cikin ladabi, ta ce, "Inna, nan ta ƙare. Wannan ba ya ciki, mun karanta a littafi."

Na ajiye taɓarya na tafi gida.

Asama'u, rubuta: Saratu ɗiyar Gaji, matar Arzika. To karanta mini in ji.