Fasinjan da Ba Ya Hawa

Tun ranar da aka auna Malam Lawal a asibiti a Daura aka ce jininsa ya hau, bai ƙara samun sakat a garin Zango ba. Kuma ba ciwon ne ya hana shi sakat ba, mutanen gari ne.

An ba shi ƙwayoyi, an ce ya rage gishiri, sannan aka haɗa shi da wata ma'aikaciya mai suna Fadila, wadda aikinta koya wa masu hawan jini motsa jiki suna daga gidajensu. Ba sai ya yi ta zaryar Daura ba. Takan kira shi ta bidiyo, ya jingina wayar a jikin randa, ta ce ya zauna a kujera ya miƙe, ya sake zama ya sake miƙewa, ya ɗaga hannu ya sauke. Matarsa Shatu tana bakin murhu tana ƙunshe dariya.

"Alhakin 'ya'yan mutane ne, Malam," in ji ta. "Haka ka riƙa sa su a makaranta."

Bai kula ta ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Babban aikin shi ne tafiya. Fadila ta ce kullum da la'asar ya fita ya taka da ƙafa, da ɗan sauri, ba tsayawa, har sai ya ji gumi ya tsatsafo masa.

Malam Lawal mutum ne mai taurin kai, amma wannan karon bai yi musu ba, saboda Yaya Sada. Yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne da a da shi kaɗai yake ɗora buhun gero a kan amalanke. Shi ma hawan jinin ne, ya yi wasa da shi, ran nan ya faɗi a gona. Yanzu yana kwance a can ƙarshen gari, ɓarin jiki ya shanye, baki ba ya magana, sai an juya shi, sai an ɗaga shi. Duk lokacin da Malam Lawal ya je duba shi, sai ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada shi ma ya wayi gari a kan irin wannan tabarmar.

To, amma ta ina mutum zai taka a garin da ya yi shekara da shekaru yana hedimasta? Rabin 'yan acaɓan Zango ɗalibansa ne. Ranar farko ko kwanar gidansu bai sha ba sai ga babur ya ci burki a gabansa.

"Subhanallahi! Malam, kai ne a ƙasa? Hau mu je."

"Motsa jiki nake yi."

"To hau in kai ka inda za ka yi."

Da ƙyar ya rabu da wannan, sai ga wani. Wanda bai zo da babur ba kuwa sai ya durƙusa, a gaisa, a tambayi iyali, a tambayi jiki, a tambayi damina. Malam Lawal ya dawo gida ana kiran magariba, ko ɗigon gumi babu a goshinsa, sai dai ciwon baki.

Ya gwada zagayen tsakar gida. Tsakanin turken awaki da shanyar kuɓewar Shatu, taku kaɗan sai bango, har kansa ya fara juyawa. Ga matan maƙwabta sun daina shigowa tun da maigida ya tare a tsakar gida, Shatu kuwa ta ce ita ba za ta zauna ba abokan hira ba. Ya gwada hanyar gona, sai ga masu dawowa da amalanke suna roƙonsa ya hau. Kafin a jima magana ta zaga gari. Wasu suka ce fansho ne bai fito ba, wasu suka ce tun da ya yi ritaya kansa ya ɗan taɓu. Har ɗansa Yazid ya bugo waya daga Kano rai a ɓace, wai an ce sun bar mahaifinsu yana gararamba a ƙasa kamar marar gata.

"Baba, lambar nan fa ba ta sauka ba," in ji Fadila, da ya ɗaga mata abin awon jinin a gaban waya. "Kana tafiyar kuwa?"

"'Yata, ina fita. Tafiyar ce ba a bari in yi."

"Ka faɗa musu magani ne."

"Na faɗa! Sai su ce Allah ya ƙara sauƙi, hau mu kai ka gida ka huta."

Ta yi dariya, sabis ya ɗauke, fuskarta ta daskare a haka tana dariyar. Ya kife wayar don haushi.

Wanda ya fi kowa naci shi ne Munzali, wani ƙaton magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda Malam ya taɓa zuwa har gida ya roƙi ubansa a bar shi ya gama firamare. Shi a ganinsa, barin Malam a ƙasa butulci ne. In Malam ya ƙi hawa, sai ya riƙa binsa a hankali yana magiya, hayaƙin babur yana shiga wa dattijon hanci.

Wata la'asar haƙurin Malam Lawal ya ƙare. Ya tsaya cak, ya dube shi.

"Naka wasa ne. Kai ni gidan Yaya Sada."

Munzali ya washe baki, ya goge kujera da hularsa. Da suka isa, Malam ya ce ya shigo. Suka tarar da Sada kwance a zaure, ya zame daga matashi, yawu ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ba ɗaukar mutane kake so ba? Ɗaga shi ka jingina shi."

Munzali ya sunkuya ya rungumo tsohon. Hannun dama ya faɗo yana reto, kan ya langaɓe a kafaɗarsa. Ya san mutumin nan da ƙarfinsa, ya sha ganinsa a kasuwar hatsi. Ya jingina shi da bango, ya gyara masa riga.

"Ciwonmu ɗaya da shi," in ji Malam Lawal. "Kullum ka hana ni tafiya, nan kake kawo ni. Wallahi ina jin tsoro, Munzali. Ku ƙyale ni in taka tun ƙafar tana amsawa."

Washegari da la'asar ya buɗe ƙofa, sai ga Munzali a tsaye da babur. Ran Malam ya ɓaci, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya lura injin a kashe yake.

"Mu je, Malam."

Malam ya kama hanya, Munzali na gefensa yana tura babur. Ba su yi nisa ba wani ɗan acaɓa ya rage gudu.

"Kai, fasinjana ne!" Munzali ya daka masa tsawa.

Mutumin ya ɗaga hannu ya wuce. A sana'arsu ba a ƙwace wa ɗan'uwa fasinja, ko da babur ɗinsa ya mutu a hanya. Masu son durƙusawa kuma Munzali ne ke amsa musu gaisuwa daga nesa, yana cewa sauri suke yi. Mutanen gari suka samu sabon abin faɗa, wai Malam ya hau babur ɗin Munzali ya kashe masa inji. Malam ya ji, ya yi tsaki, bai tsaya ba.

Suka wuce makarantar, suka wuce masu injin niƙa. Numfashinsa ya fara fita da ƙarfi, rigar ta manne masa a baya. Munzali kansa haki yake yi, don babur ba abin turawa ba ne a cikin yashi.

Da suka isa gidan Yaya Sada, suka tarar da shi a zaure yana jingine inda aka ajiye shi. Ya dubi fuskar ƙanensa sharkaf da gumi, ya dubi ƙafafunsa da suka yi futu-futu. Malam Lawal ya durƙusa zai gaishe shi, sai tsohon ya miƙo hannun hagu, wanda ya rage masa, ya kama ƙwaurin ƙanen nasa ya riƙe gam. Bakinsa ya motsa, magana ba ta fito ba. Sai ya saki ƙafar, ya tura ta wajen ƙofa.

Munzali ya leƙo yana share ido da hula.

"Malam, komawar fa? Ko ka gaji?"

"Juya babur ɗinka," in ji Malam Lawal. "Kada ka kuskura ka tayar da shi."