Ranar da Baba Nu'uman Ya Koma Bayan Raga

"Tsaya nan, mai keke," in ji Baba Nu'uman, tun ba su kai bakin ƙofa ba.

Fidelis ya tallafo shi ya sauko da shi. Tsohon ba nauyi ko kaɗan, sai ka ce babbar rigar ce kawai a hannunsa.

Kemis ɗin Fidelis a jikin zauren Baba yake, a Ƙofar Ran, kuma shi ke auna masa jini tun da ƙafafunsa suka fara kumbura. Yau bayan azahar tsohon ya dage sai an kai shi filin ƙwallo. 'Yarsa Juwairiyya ta yi magiya har ta gaji, ta ce to Fidelis ya raka shi.

"Baba, ba wasa fa yau. Tun da aka fara gyaran nan, a wani gari yaran suke buga wasansu na gida."

"Na sani. Ai ba wajen yaran na zo ba."

Mai gadi na ganinsa ya miƙe. "A'a, Gola! Kai ne da kanka?" Ya buɗe musu.

Ciki tsit. Sababbin kujerun roba jere har sama, allon lantarki a kashe, ciyawar roba kore shar ba sawun kowa. A nan Baba ya tsare wa kulob ɗin garin raga, zamanin da rabin filin jar ƙasa ne, 'yan kallo kuma a kan siminti suke zama. Ya zaɓi layin ƙasa, daidai bayan raga, ya zauna yana haki.

Can sai ya yi murmushi, ya ɗaga hannu.

"Zakka! Kai ma ka iso? Har yanzu da ɗingishin?"

Tsigar jikin Fidelis ta tashi. Shi da kansa ya raka Baba coci ranar da aka binne Zakka, tsohon abokin wasansa.

"Baba, ba kowa a nan."

"Janye ƙafarka, ɗana, ka tare musu hanya."

Fidelis bai san lokacin da ya janye ba. Ya dubi ragar. Tana motsi a hankali, alhali shi bai ji iska a jikinsa ba.

"Sun cika," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Gola kawai suke jira."

"Don Allah mu koma gida. Juwairiyya za ta ce me?"

"Za mu koma. Samo min ruwa tukuna, maƙogwarona ya bushe."

Fidelis bai so barinsa ba. Amma leɓen tsohon ya tsattsage, don haka ya ruga wajen mai gadi ya karɓo ledar ruwa ɗaya.

Da ya dawo, Baba ya ɗan duƙo gaba, tafukansa a buɗe bisa gwiwoyi, idonsa a tsakiyar fili. Fidelis ya kira shi. Ya taɓa wuyansa, ya daɗe yana laluben jijiya. Sannan ya shafe masa ido, ya ciro waya.

"Juwairiyya, ki turo yayyenki. Baba ya cika."

Salatinta ya cika masa kunne har ya sauke wayar.

Kujeru ga su nan birjik, amma ya kasa zama a ko ɗaya. Ya tsaya a gefen tsohon, daga nesa ana kiran sallar la'asar. Ledar ruwan da ta suɓuce masa ta fashe a kan matattakala, ruwan yana gangarawa a hankali zuwa bakin ciyawa.